Akenehe, Mai Jira Har Magana Ta Ƙare

Tun zakaru ba su gama gardamar asuba ba Malama Akenehe take share tsakuwar ƙofar gidanta. In ta gama sai ta jawo kujerar kankare kwakwa zuwa gindin bishiyar ulu, wadda muke dafa 'ya'yanta mu ci, ta shimfiɗa tabarma biyu, ɗaya tata, ɗaya ta wanda zai zo. Ba ta san wanda zai zo ba. Wata rana yaro ne uwarsa ta koro saboda bakinsa ya cika da Turancin waya. Wata rana ƙaton mutum ne da jirgin ruwan Apia ta ƙasar Samoa ya sauke, haifaffen Niyu Zilan, ya zo ganin ƙasar iyayensa yana gaishe da mutane da ka kamar ƙadangare. Wata rana kuma babu mai zuwa sai kaza, ta hau tabarmar ta yi zamanta. Na taɓa wucewa na ji Malama tana ba kazar labari, in ta kai gaɓa sai ta yi shiru, wai tana ba ta damar amsawa.

Haka muka san ta a nan Fale, ɗan tsibirinmu na Tokelau, tun da ta bar koyarwa. Kafin nan kuwa, kowace safiya tana cikin jirgin da ke ƙetarar da yara zuwa Fenua Fala, tsibirin da makaranta take, zaune can baya, hannu ɗaya dafe da hular kabarta, ɗaya riƙe da wuyan rigar yaron da ya fi kowa rawar kai. Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga coci, ta gaya wa mata cewa za ta naɗe tabarma ta biyu. Kunnenta ya gaji. Ta ce tekun da ke bayan gari ya yi ƙaura ya dawo cikin kanta yana ta dukan duwatsu, muryar mutane kuma tana zuwa mata kamar daga wani tsibiri. Abin da ya zaunar da ni ke nan na ɗauki alƙalami.

Ni Opeta ban yi nisa a karatu ba. Tagar ajinmu tana kallon duwatsun murjani, kuma in ruwa ya janye aladun garin nan kan shiga su yi kamun kifinsu. Na fi son in gano yadda alade ya san lokacin janyewar ruwa da in gano lissafi, kuma har yau ban gano ko ɗaya ba. Ɗan rubutun nan da na iya da harshenmu, a tabarmar Akenehe na koye shi, da furfurata.

Yaran yanzu ba za su yarda ba, amma mu mun taso harshen Tokelau ba ya hawa takarda. Addu'a da harshen Samoa, waƙar coci da harshen Samoa, duk abin da za a rubuta da harshen Samoa. Namu na kamun kifi ne da tsegumi da yi wa yara faɗa. A ganinmu ko Allah ka yi wa magana da shi, cewa zai yi ka je ka sa riga ka dawo. Ranar da Akenehe, tana budurwa sabuwar malama, ta rubuta a allo ƙorafin wani yaro yadda ya faɗe shi, wai alade ya cinye masa kifi, labarin ya riga yaran isowa gida. Washegari tsofaffi suka je leƙen taga. Wani dattijo, Allah ya ji ƙansa, ya sa aka karanta masa, aka sake karanta masa, sannan ya ce, "Yarinya, wannan maganar da nake zagin alade da ita ce kika sa wa fararen kaya haka?"

Ta ce, "Ita ce, Baba."

Ya ce, "To ki bi ta a hankali. Kada ta ji daɗin zama a inuwa ta daina raka mu teku."

Ba ta da littafi a wancan lokaci, sai ta riƙa kai yara rumfar kwalekwale. Bishiyoyinmu ba sa miƙewa su yi tsawo, saboda haka kwalekwalen kakanninmu guntu-guntu ne na itacen kanava, a huda, a ɗinke da igiyar ɓawon kwakwa. Takan dafa gefen ɗaya ta ce, "Katakon nan su ne manyan kalmomi: kifi, uwa, tafiya, ruwa. Wa ya taɓa fita teku a kan tulin katako?"

Yara su ce, "Babu!"

"Me ke riƙe su?"

"Igiya!"

"To ƙananan kalmomin nan da kuke haɗiyewa don gaggawa, su ne igiya. Su ke faɗin an yi ne, ko ana yi, ko ba a kai ga yi ba. Su ke faɗin mutum ne ya ci kifi ko kifi ne ya ci mutum. Ku bar su a gida ku ga inda za ku kwana."

Ita ce kuma ta fara nuna mini cewa a bakinmu yawanci aiki ke shigowa gaba, mai aikin ya biyo baya, kamar yadda hancin kwalekwale ke fara ɓullowa daga bayan tsibiri kafin a ga masu tuƙi. Na daɗe ina juya wannan a raina. Wataƙila shi ya sa a garin nan ake fara tambayar ko an samu kifi kafin a tambayi wanda ya kama. Wata shekara wata Baturiya mai nazarin harsuna ta zo da na'urar ɗaukar magana, suka daɗe tare a gindin ulu, Malama tana juya magana ɗaya gaba da baya, waccan tana cewa, "Haka ana faɗi? Haka fa?" Suka shaƙu ƙwarai, Malama ta ce ta ƙaru da ita, don abubuwan da take yi da ka ta ji ashe suna da sunaye. Na leƙa takardun Baturiyar na ga tana zana wa kowace jimla bishiya, amma saiwar a sama, rassan a ƙasa. Na tambaye ta ko haka bishiyoyin ƙasarsu suke. Ta yi dariya har ta ƙware da ruwan kwakwa. An ce an buga littafi. Ban gan shi ba.

Ke ce, Akenehe, kika sa harshenmu ya hau allo ba tare da ya manta hanyar teku ba. Amma ba don allo na ɗauki alƙalami ba. Don yayata Meleane ne da 'yarta.

Shekarar babbar guguwa, wadda ta kwantar da kwakwa ta zuba gishiri a ramukan gwaza, Meleane tana da ƙananan yara a gabanta, kuma ta tsakiyarsu, Ianeta, ba ta da lafiyar ƙirji. Aka buɗe hanyar tafiya Niyu Zilan, ƙanwar mijin Meleane tana cikin masu tafiya, sai aka ba ta yarinyar. Ba sabon abu ba ne a wurinmu ɗa ya tashi a hannun gwaggo. Sabon abin shi ne nisan. Ina saurayi a lokacin, ni na tuƙa kwalekwalen da ya fitar da su zuwa jirgi. Da na waiga sai na ga yayata ta biyo mu cikin ruwa da zanenta. Ba ta kuka, ba ta kira, tafiya kawai take yi, har ruwa ya kai mata wuya. Sai da maza suka shiga suka jawo ta.

Gwaggon ta zauna a wani garin masu saran itace inda namu ba su da yawa, ta auri mutumin can, aka ce mata yaro ya fi samun hanya in ya tashi da Turanci zalla. Ianeta ta girma ta san sunan kifi, ta san sunan abinci, ta iya waƙoƙin rawa, amma ba ta iya haɗa magana ba. Ta zo sau ɗaya tana budurwa. Aka yanka alade, aka yi mata shimfiɗar alfarma. Da ta tashi gaida jama'a sai maganar ta fito a wargaje, fili ya kwashe da dariya. Dariyar ƙauna ce, irin wadda ake yi wa yaro in ya faɗi a rawa. Ita ba ta san haka ba. Ta rufe bakinta, masu jin Turanci suka kewaye ta don su kyauta mata, ta koma, ba ta sake zuwa ba. Da waya ta iso tsibirin sukan kira juna. Uwa ta ce, "Ianeta." 'Ya ta ce, "Inna." Sai su yi ta sauraron numfashin juna har layi ya yanke.

'Yan shekarun baya zuciyar Meleane ta fara gazawa, ƙafafunta suka kumbura, aka aika wa Ianeta. Ianeta ta sauka da furfura a kanta, ita ma ta yi jikoki. Tambaya ɗaya ta ɗauko tun daga can: cikin 'ya'yan gidan, me ya sa ita aka bayar? Kowa a garin ya san amsar. Ni ma na sani. Amma jin labari a gari daban, jinsa a bakin uwa daban. Fasto ya ce zai zauna tsakaninsu ya fassara. Meleane ta gode masa, ta sa aka ba shi ruwan kwakwa, sannan ta ce, "Na ba da ita ta hannun wani. Ba zan nemo ta ta bakin wani ba. Da kunnenta za ta ji, daga bakina."

Ga uwa numfashi yana ƙarewa, ga 'ya ba ta iya haɗa kalma uku ba. Ni kuwa ƙane ne, kuma a wurinmu namiji ba ya zama ya ja doguwar magana da 'yar'uwarsa. Nawa shi ne in kawo kifi in ajiye a ƙofa. Sai na nufi gindin ulu.

Malama tana ganina ta ce, "Opeta, yau aladun ba su fita aiki ba ne ka tuna da ni?"

Na ce, "Malama, maganar gidan yayata ce."

"Na sani. Tun ranar da jirgi ya zo na kakkaɓe mata tabarma. Ka ce ta zo. Kuma kada ka rako ta. Kai in ka fara labari sai ruwa ya janye ya dawo ba ka kai tsakiya ba."

Ianeta ta je. Da yamma na koma jin yadda aka yi. Malama ta ce, "Katakonta ya isa kwalekwale biyu. Igiya ce babu. Kuma ba za ta samu ba muddin garin nan yana jin tausayinta."

Ba ta tsaya nan ba. Ta je taron mata, daga nan ta nemi izini ta shiga gaban dattawa, ta zauna a ƙasa yadda ya kamata, ta roƙi abin da ba a taɓa roƙa ba. Ta ce daga yau, in dai Ianeta ce ke magana, babu mai jin Turanci a Fale. Kada wanda ya ƙarasa mata magana, ko da ya san inda ta dosa. Dariya kuwa, wanda ta kama shi ya riƙe abarsa ya kai gida.

Lameko ne ya fara tsalle. Shi ne mai kiran sunaye a wurin rabon kifi, ya yi aiki a masana'antar motoci can Niyu Zilan yana saurayi, kuma tun da ya dawo ko "ina kwana" ba ya iya yi sai ya yayyafa mata Turanci. Ya ce, "Haba Malama! Ni da Turancina ya fi na fasto laushi, ga mai ji ta zo, ki ce in haɗiye shi?"

Ta ce, "Haɗiye shi, Lameko. Ka haɗiyi abin da ya fi shi ƙaya."

"In ya tsaya mini a wuya fa?"

"Matarka za ta yi godiya."

Dattawa suka sunkuyar da kai suna karkaɗa kafaɗa, aka yarda.

Ban taɓa ganin gari ya kurmance rana ɗaya ba sai lokacin. Ianeta ta je kanti ta nemi sukari da Turanci, yarinyar kantin, wadda ta yi duk karatunta a Niyu Zilan, ta ɗaga kai tana nazarin rufi. Yara suka fi kowa iyawa, har da buɗe baki da tafa hannu, wai ba su taɓa jin irin wannan yare ba. Abin bai yi mata daɗi ba. Wata rana ta same ni a bakin ruwa idonta jawur, ta ce, "Kawu... mutanen nan... mugaye."

Na ce, "Madalla. Kin samu kalma sabuwa."

A gindin ulu kuwa babu allo, babu alli. Kankare kwakwa suke yi, suna saƙar kaba. Ianeta ta ɗauko magana ta kai tsakiya ta maƙale, Malama ba za ta ɗaga ido ba, hannunta ba zai tsaya ba, fuskarta ba za ta nuna an daɗe ba. Na ga shayi ya huce a tsakiyar jimla ɗaya. Na ga inuwa ta matsa daga kan tabarma. In maganar ta fito, karkatacciya ko miƙaƙƙiya, Malama ba ta cewa an yi kuskure. Amsawa take yi, cikin amsar kuma sai ka ji ta mayar da maganar a gyare, kamar a miƙa wa mutum yagaggen taru ya dawo da shi a ɗinke bai ce komai ba. Mu duka mun iya magana, Akenehe. Ke kaɗai kika iya jiranta.

Amma zuciyar Meleane ba ta san da jira ba. Wata safiya numfashinta ya ja baya sosai, nas ta fito daga gidan tana girgiza kai. Gari ya fara gunaguni. Lameko ya tare Malama a hanya, wannan karon babu wasa a fuskarsa, ya ce, "In tsohuwar nan ta tafi da maganarta a ciki, a wuyanki take." Malama ta gyara zaman hularta. Ta wuce kai tsaye gidan Meleane, ni kuma ina bayan ɗaki ina gyaran kifin da na kawo, kunnena bai nemi izinina ba.

Ta ce, "Meleane, bari in shiga tsakaninku. In kun gama in manta abin da na ji."

Yayata ta ce, "Ke? Ke da har yau kike tuna kuskuren da fasto ya yi yana aji ɗaya?"

"Numfashinki nake ji."

"Bar mini numfashina. Ke yi aikinki, ni in yi nawa. Nawa shi ne in ƙi mutuwa."

Da na leƙa sai na ga Malama tana kallon ɗakin kamar yau ta fara shigarsa. Ga Ianeta zaune a kan farar tabarmar nan mai laushi wadda ake ajiye wa manyan baƙi, an rufe mata abinci, 'yar maƙwabta tana kore mata ƙuda. Malama ta nuna ta da haɓa ta ce, "Wace ce wannan?"

"'Yata mana."

"A'a, baƙuwa ce. Wa ya taɓa koyon magana a kan farar tabarma? Sauran da kika raina, da me suka koya?"

Meleane ta ce, "Da aike. Da faɗa."

"To aike ta. Yi mata faɗa."

"Yarinyar da ban goya ta girma ba? Da wane baki?"

"Da wanda kika ce da shi za ki nemo ta."

Na ji tabarma ta motsa. Sai muryar yayata, irin wadda take kirana da ita ina yaro in na bar taru a rana: "Ke! Tashi ki miƙo mini ruwa." Ianeta ta miƙe zumbur, ba wanda ya fassara mata. "Ba wannan kofin ba! Wancan!" Ranar aka naɗe farar tabarma aka mayar da ita saman rufi.

Bayan 'yan kwanaki maza suka yi kamun gayya, teku ya yi mana alheri. Kifin gayya ba na wanda ya kama ba ne. Filin rabo ake kai shi a kasa shi bisa yawan bakunan kowane gida, jariri da tsoho daidai, shi ne muke kira inati. Ɗauko rabon gida kuwa aikin yara ne. Meleane ta tura 'yarta da kwano. Sai ga mace da furfura tsaye cikin yara, suna leƙen fuskarta suna cewa, "Kaka, yau ajinmu ɗaya?"

Lameko ya kwarara kira: "Meleane!" Ianeta ta je ta durƙusa ta kwashe. Sai ta tsaya. Ta dubi kwanonta, ta dubi na maƙwabta. Rabon gidan ne kamar yadda yake tun kafin ta zo. Ba a sa ta cikin lissafi ba. Lameko har ya wuce suna na gaba.

Ta ce, "Lameko."

Kowa ya juyo yana kallonta.

"An kasa... kifi."

Ta tsaya nan. Wani kifi da bai gama mutuwa ba ya buga jela a kan ganye, kowa ya ji. Matar da ke kusa da ni ta buɗe baki za ta ƙarasa mata, sai muka ji gyaran murya daga can baya, inda Malama take tsaye, matar ta mayar da bakinta ta rufe. Muka jira. Gari guda, da masu kukan yunwa da masu kifi a hannu, muka jira. Ni dai ina kallon wani tsuntsun teku da ya tsaya cak a sama, na ce ko shi ma an je masa da roƙon.

"An kasa kifi, ba a sa ni ba. Ina kwana a gidan Meleane. Ina ci a gidan Meleane." Ta ja numfashi. "Ita ta haife ni."

Na ga bakin Lameko ya shirya ban haƙuri da Turanci, na ga maƙogwaronsa ya motsa ya haɗiye shi. Ya ce, "Gaskiyarki, 'yar Meleane. Tsufa ne. Na ɗauka baƙuwa ce mai cin na gwangwani." Ya ɗauko kifi zai sa mata.

Ta ce, "Wancan. Wannan ƙarami ne."

Nan dokar dariya ta karye. Har dattawa sai da suka riƙe ciki, ita ma tana yi tana share ido da gefen zane. Na sha tambayar Malama ko ita ta sa Lameko ya yi wannan mantuwar. Sai ta ce kunnenta ba ya ji sosai. Na tambayi Lameko, ya ce ƙwaƙwalwarsa ba ta riƙe abu.

Ba a daɗe ba, wata rana da la'asar ina ɗinkin taru a inuwar gidan yayata, na ji murya tana tashi a ciki. A kan madarar kwakwa ne.

"Haka gwaggonki ta koya miki? Wannan madara ce ko ruwan wanki?"

"Gwaggo ba ta da kwakwa! A gwangwani muke samu!"

"Mace da jikoki ba ta iya matsar kwakwa ba!"

"Da kina so in iya, da kin riƙe ni!"

Sai na ji yayata ta ce a hankali, "Ajiye wannan. Zo ki zauna nan."

Na naɗe taruna. Na kori yaran da ke wasa a ƙofa, na kori kaji, na bar wurin, don abin da zai biyo baya ba na kunnen ƙane ba ne. Na tarar da Malama a gindin ulu na ce, "Suna faɗa."

Ta ajiye kwakwar da ke hannunta. "Ta maƙale a tsakiya?"

"Ko sau ɗaya."

Ta cire hularta ta rufe fuska da ita, ta daɗe a haka. Daga cikin hular ta ce, "To ta gama makarantata."

Har aka kaɗa ƙararrawar addu'ar yamma ba wanda ya fito daga gidan. Ban san abin da suka faɗa wa juna ba, ban kuma tambaya ba. Washegari Ianeta ta same ni a bakin ruwa ta ce, "Kawu, kai ka tuƙa kwalekwalen?"

Na ce, "Ni ne."

"Har ina ruwan ya kai mata?"

Na sa hannu a wuyana.

Ta gyaɗa kai. "Haka ta ce. Ta ce da ba a jawo ta ba..."

Ta tsaya. Na jira, don ni ma na koya. Ba ta ƙarasa ba, kuma wannan karon ba igiya ta rasa ba.

Meleane ta cika alkawarinta fiye da yadda nas ta zata. Ta ga ulu ya sake nuna, tana yi wa 'yarta faɗa safe da yamma, 'yar tana mayar mata, har maƙwabta suka fara kokawa. Sannan ta rasu, ba ta tafi da komai a ciki ba. Ianeta ba ta koma ba. Tana nan a gidan, kuma Lameko bai sake mantawa da ita ba.

Akenehe, ke ce igiyar da ba a gani sai an kifar da kwalekwale. Ba a rataya miki lambar yabo ba, ba a sa wa gini sunanki ba, kuma na san in an karanta miki wannan za ki ce Opeta ya ja labari, ki kuma nemo mini inda na haɗiye ƙananan kalmomi. Na gode miki a madadin yayata, wadda al'ada ba ta bar ni na gode mata ita kanta yadda nake so ba. Na gode miki a madadin duk wanda ya sauko daga jirgi da tulin katako ya koma da abin hawa. Allah ya saka miki, ya sassauta miki tekun da ke cikin kanki.

Ku kuma 'yan'uwa, na nan da na ƙetare, jirgi ba zai daina kawo mana 'ya'yanmu masu karyayyen baki ba. In ɗayansu ya tsaya gabanku ya fara magana ya maƙale, kada ku tare shi da Turanci don ku kyauta masa. Kada ku ƙarasa masa. Kada ku ɗora shi a farar tabarma. Ku ba shi kwano ku aike shi, in ya buɗe baki ku jira. Ba sai an yi karatu ba. Ni ma na iya.

Jiya da safe na bi ta gindin ulu don in ga yadda wurin yake da tabarma ɗaya. Na tarar biyu ne. Ianeta ce ta zo da tata daga gida ta shimfiɗa, ta zauna dab da Malama, fuska da fuska, tana ba ta labarin gari da ƙarfi, a hankali, don ta riƙa kallon leɓenta. Malama ta karkata kai ta ce, "Me kika ce?" Ianeta ta sake faɗi. "Me?" Ta sake faɗi, ba ta gaji ba, ba ta ɗaga ido sama ba. Malama ta yi shiru tana harhaɗa abin da ya iso mata, shirun ya yi tsawo, kaza ta zo ta duba ta ga an riga ta.

Na samu gefe na zauna. Muka jira ta.